Karatun Zanen Farashi Kafin Sayen Hannun Jari

Matashin Kankiya ko Kusada da ke son shiga kasuwar hannun jari ta NGX da ke Legas zai iya yi daga wayarsa, amma farkon abin da zai tarar zane ne mai hawa da sauka. Karanta shi ake koya.

Ɗan kasuwar hatsi a Charanci ya san gero na faɗuwa da kaka, ya tashi da damina. Haka mai nazarin zane yake bin sawun farashin jiya don hasashen na gobe, sana'ar da ake dangantawa da 'yan kasuwar shinkafa na Japan tun ƙarni na 18.

Dubi kyandir guda, wato alamar da ke nuna farashin rana ɗaya, a zanen Dangote Cement ko Bankin Jaiz. Jikinsa na nuna inda farashi ya buɗe da inda ya rufe a ranar, zaren sama da na ƙasa kuma iyakar hawansa da saukarsa. Kore hawa, ja faɗuwa. Sai ka lura da matakin da farashi ke yawan dirowa ya koma sama, da wanda yake kasa tsallakewa. Hawan da ba ciniki mai yawa a bayansa kuwa, kada ka yarda da shi.

Zane ba ya sanin gaibu. A 2008 kasuwar hannun jari ta Najeriya ta rushe, jama'a da dama suka tafka asara. Don Allah ka fara da gwaji a takarda, kada ka zuba kuɗin taki ko na makaranta, kuma ka tabbatar dillalinka na da rajista da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari.