Abin da ya kamata ku sani: yadda jihar Ilinoi ta yi shekara biyu ba kasafin kuɗi

Jihar Ilinoi ta Amurka, inda birnin Shikago yake, ta shiga sabuwar shekarar kuɗi ranar 1 ga Yulin 2015 ba tare da cikakken kasafi ba, kuma ba ta samu ba sai ranar 6 ga Yulin 2017. Mai karatu zai ɗauka an rufe ofisoshi kowa ya tafi gida. Ba a rufe ba, kuma wannan ne ya sa rikicin ya daɗe.

Tushen abin giɓi ne. A 2011 an ɗaga harajin kuɗin shiga daga kashi 3 zuwa kashi 5 cikin ɗari na wucin gadi. A Janairun 2015 wa'adin ya cika, harajin ya sauka zuwa kashi 3.75, a daidai watan da sabon gwamna Bruce Rauner na jam'iyyar Rifablikan ya kama aiki. Majalisun jihar biyu kuwa suna hannun 'yan Dimokurat, kuma kakakin majalisar wakilai, Michael Madigan, ya daɗe yana juya siyasar jihar. Kuɗin shiga ya ragu, hidimomi suna nan yadda suke. 'Yan majalisa suka zartar da kasafin da ya fi ƙarfin aljihun jihar da biliyoyin daloli. Gwamna ya sa hannu a kason makarantun firamare da sakandare, ya yi watsi da sauran. Ya ce ba zai yarda da ƙarin haraji ba sai an amince masa da wasu sauye-sauye, ciki har da rage ƙarfin ƙungiyoyin ƙwadago da ƙayyade wa'adin 'yan majalisa. Madigan ya ce waɗannan ba su shafi kasafi ba. Kowa ya ja tunga.

To, ta ina kuɗi ya ci gaba da fita? Kotuna sun ba da umarni a biya ma'aikatan jiha albashi. Wasu tsofaffin dokoki sun wajabta a biya kuɗin fansho da bashin masu takardun lamuni, ko da kasafi ko babu. Wasu hukunce-hukuncen kuma sun kare kuɗin jinyar marasa ƙarfi. Da aka haɗa, kusan kashi 90 cikin ɗari na abin da jihar ta saba kashewa ya ci gaba da fita, ba tare da wani ya zauna ya auna shi da abin da ke shigowa ba. A Najeriya sashe na 122 na tsarin mulkin 1999 ya ba gwamna damar taɓa asusun jiha har wata shida idan kasafi ya makara. Ilinoi ba ta da irin wannan tanadi, sai alƙalai suka cike gurbin.

Wanda ba shi da hukuncin kotu a bayansa shi ya sha. Jami'o'in gwamnati sun yi watanni ba ko sisi daga jiha, har Jami'ar Jiha ta Shikago ta sallami ma'aikata sama da 300 a 2016. Tallafin karatu na 'ya'yan talakawa ya tsaya. Ƙungiyar agaji ta Lutheran Social Services, mai kula da tsofaffi da masu fama da shaye-shaye, ta sanar da rage guraben aiki 750 a Janairun 2016 saboda jiha ta riƙe mata kuɗi. An rufe gidan tarihi na jihar na tsawon watanni. Har waɗanda suka ci cacar gwamnati, in kuɗin ya haura dala 600, an ce su jira. Abin dariya, wannan na cikin abubuwan da aka gaggauta gyarawa.

Ƙudurori ma sun maƙale. A farkon 2017 shugaban majalisar dattawan jihar, John Cullerton, da jagorar 'yan Rifablikan a can, Christine Radogno, suka haɗa ƙudurori kusan goma sha biyu: haraji, fansho, kuɗin makarantu, gidajen caca. Suka ɗaure su da sharaɗin cewa babu wanda zai fara aiki sai duk sun wuce. Dabarar ita ce kowane ɓangare ya samu wani abu. Amma ɗaurin ya sa duk wanda ya ƙi guda ɗaya zai iya kayar da sauran, kuma a watan Maris shirin ya wargaje. Akwai kuma ƙa'idar lokaci: bayan 31 ga Mayu, dokar da ake so ta fara aiki nan take sai ta samu kashi uku cikin biyar na ƙuri'u. Jinkirin da kansa ke ƙara wa yarjejeniya wuya.

A ganina, abin da ya fi muni shi ne kuɗin ruwa. Dokar jihar ta ce ɗan kwangilar da aka riƙe wa kuɗi sama da kwana 90 a ƙara masa kashi 1 cikin ɗari duk wata. Takardun neman biya da suka taru a ofishin akanta sun kai kimanin dala biliyan 16.7 a ƙarshen 2017, tarar jinkiri kaɗai ta haura dala biliyan 1. Kuɗin nan bai gina aji ko ɗaya ba. Hukumomin auna ƙarfin biyan bashi sun sauko da jihar har mataki ɗaya ya rage ta faɗa jerin waɗanda ake gudun ba su rance.

Wannan barazanar ce ta karya taurin kan. Wasu 'yan Rifablikan, da dama daga mazaɓun da ke da jami'o'i, suka bi 'yan Dimokurat aka tsallake ƙin amincewar gwamna kan ƙarin haraji da ƙuri'u 71, daidai adadin da ake buƙata a majalisar wakilai mai kujeru 118. Haraji ya koma kashi 4.95, dab da inda yake kafin 2015. Jihar ta ciwo rancen dala biliyan 6 don rage bashin 'yan kwangila, Rauner kuma ya sha kaye a hannun J.B. Pritzker a zaɓen Nuwamban 2018.