Aikin Zayyanar Katako A Gida: Abin Da Ya Kamata Jama'ar Jihar Sakkwato Su Sani

Kamar yadda aka sani, sassaƙa tana cikin tsofaffin sana'o'in ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa, masassaƙanmu ne ke samar da turmi da taɓarya da akushi da kujerar mata da ƙotar fartanya, da kuma allon da yaranmu ke karatu da shi. Sun san cewa icen ƙirya ya fi dacewa da turmi saboda ƙarfinsa, aduwa kuwa ita ake nema idan za a yi allo. Daga baya aikin kafinta ya shigo da zarto da ƙusa da katakon da ake kawowa daga kudancin ƙasar nan.

A wannan bayani muna son jawo hankalin jama'a, musamman matasa da mata da ke karkara, da kuma jami'an ƙananan hukumomi, zuwa ga wani reshe na wannan sana'a wanda ba ya buƙatar babban jari ko babban fili, wato yanka zayyana a jikin siririn katako. Ana iya yin sa a zaure ko a rumfar tsakar gida, kuma da guntayen katakon da kafintoci ke zubarwa. Sai dai tun da farko muna son a fahimci cewa kyawun aikin da ɗorewarsa sun rataya ne a kan abubuwa biyu: bushewar katako, da kuma yadda aka goge shi aka shafe shi daidai da yanayin ƙasarmu.

Mene ne zarton zayyana?

Zarton zayyana wani ɗan zarto ne mai siririn baki kamar tsinke, wanda ke iya bin lanƙwasa da kusurwa yadda babban zarton kafinta ba zai iya ba. Iri uku ne. Akwai na hannu, mai ƙarfe a lanƙwashe kamar baka, wanda shi ne mafi araha, kuma maƙeri irin waɗanda Maƙera Assada ta yi suna da su zai iya ƙera jikinsa idan aka kai masa samfuri. Akwai na ƙafa, wanda ake takawa kamar keken ɗinki. Irinsa ya yi tashe a gidajen Ingila da Amurka a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da wutar lantarki ba ta wadata ba. Sannan akwai na lantarki, wanda ake ɗorawa a kan tebur, bakinsa yana hawa da sauka ɗaruruwan lokuta a minti guda. Yawancin ƙananan irinsa wutar da suke ci ba ta wuce wat 100 da ɗoriya ba, don haka na'urar hasken rana matsakaiciya mai batir da inbata tana iya ɗaukarsa.

Yadda ake aikin shi ne, a zana siffar da ake so a takarda, a manna ta a kan katakon. Idan akwai wurin da za a ƙwaƙule a tsakiya, sai a huda ƙaramin rami, a zura bakin zarton ta ciki, a ɗaure shi tam, sannan a yanka. Haƙoran zarton su kalli ƙasa. A fara da yankan ciki kafin na gefe, kuma kada a tura katakon da ƙarfi, domin gaggawa ce ke karya baki ta kuma ƙona gefen aiki. Mai koyo ya fara da filawud mai kaurin milimita 3 zuwa 6. Idan hannu ya faɗa, ana iya haɗa falle uku ko huɗu a yanka su lokaci guda.

Abubuwan da za a iya yi

Abubuwan da ake samarwa da wannan zarto suna da yawa: allon sunan shago ko ofis, lambar gida, firam ɗin madubi, maratayin makullai, ƙananan akwatunan kayan kwalliya na amare, mazaunin Alƙur'ani mai naɗewa, da ƙyauren taga mai huji-huji da ke barin iska ta shiga. Ba mu da ƙarancin zane, domin dagin Arewa da zayyanar da ke jikin allon sauka da adon da magina ke yi a fuskar soro duk namu ne.

Har ila yau, akwai kayan koyarwa. A wajajen shekarar 1766 wani mai zana taswira a birnin Landan, John Spilsbury, ya riƙa manna taswira a kan katako yana yanka ta ƙasa-ƙasa, domin yara su koyi labarin ƙasa ta hanyar harhaɗa ta. Babu abin da zai hana matashi a Gwadabawa ko Tambuwal ko Isa ya yanka taswirar Jihar Sakkwato gida 23, kowace ƙaramar hukuma da yankinta, ko ya yanka haruffan boko da na ajami domin 'yan ajin farko na firamare da Islamiyya.

Dalilin da ke sa katako ya tsage a Sakkwato

Yawancin ƙorafin da masu saye ke yi shi ne cewa kaya sun tsage, ko sun lanƙwashe, ko haɗinsu ya buɗe bayan 'yan watanni. Sau da yawa laifin na danshin da ke cikin katakon ne. Katako yana shan danshi daga iska, yana kuma mayar da shi. Idan ya sha sai ya kumbura, idan ya bushe sai ya tsuke, kuma wannan motsi a faɗinsa yake faruwa, tsawonsa kusan ba ya canzawa.

Yanayin Sakkwato yana tsananta wannan al'amari. A watan Agusta, tsakiyar damina, iska na cike da danshi, kuma katakon da ke ajiye a ɗaki yakan riƙe ruwa kimanin kashi 14 zuwa 16 cikin ɗari na nauyinsa. Da hunturu zuwa farkon bazara, lokacin da danshin iska ke sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, zafi kuma ya haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, ruwan da ke cikin katakon yakan koma kashi 4 ko 5. A tsakanin waɗannan lokuta biyu, falle mai faɗin santimita 30 zai iya tsukewa da rabin santimita ko fiye. Katakon loko da malaina da sauran waɗanda ake kawowa daga dazuzzukan kudu suna isowa da danshin can, wasu ma ɗanyu. Wanda ya saya yau ya yanka gobe, ya sani cewa aikinsa zai ci gaba da tsukewa a ɗakin mai saye.

Maganin wannan shi ne haƙuri. A jera katakon a inuwa, inda iska ke ratsawa, a ɗaga shi daga ƙasa kamar santimita 30 saboda gara da laima. A sa ƙananan sanduna masu kauri ɗaya tsakanin falle da falle, a ɗora abu mai nauyi a sama. A shafe bakin kowane falle da fenti ko kakin zuma, domin ta nan ruwa ya fi saurin fita, ta nan kuma tsagewa ke farawa. Kada a shanya katako a rana. Domin sanin ko ya bushe, a ware guntu ɗaya a riƙa auna shi a sikeli kowane mako. Idan nauyinsa ya tsaya bai ƙara raguwa ba har mako biyu ko uku, to ya daidaita da iskar wurin. Filawud bai cika wannan motsi ba, saboda an manna fallayensa a gicciye, amma shi kuma ba ya jure ruwa.

Guga da shafi

Bayan yanka sai guga. A fara da samfefa mai kaushi, lamba 80 ko 120, a koma 180, a ƙare da 220, kuma a riƙa bin tsawon jijiyar katakon, domin gugar gicciye tana barin zane da ke fitowa fili da zarar an shafa banish. A cikin ƙananan ramukan zayyana, a naɗa samfefa a jikin tsinke ko a yi amfani da ƙaramin magagari. A kakkaɓe ƙura sarai kafin a shafa komai.

Wajen shafi, a kiyaye waɗannan:

Na farko, a shafe fuska da baya da gefe duka. Idan aka shafe fuska ɗaya kawai, ɗaya ɓangaren zai riƙa shan danshi shi kaɗai, aikin ya lanƙwashe.

Na biyu, shafi siriri sau uku ya fi mai kauri sau ɗaya. A bar kowane shafi ya bushe gwargwadon lokacin da aka rubuta a jikin gwangwani, a ɗan goge shi da samfefa mai laushi, sannan a ƙara.

Na uku, a zaɓi lokaci. Da tsakar rana a bazara, saman banish yakan bushe kafin cikinsa, sai ya yi ƙuraje. Da hunturu kuwa ƙura ce ke manne masa. Ya fi kyau a yi shafin da sassafe, a yayyafa ruwa a ƙasa domin ƙura ta kwanta, a kuma rufe aikin da kwali har ya bushe.

Na huɗu, duk abin da zai taɓa abinci ko bakin yaro, kamar faranti da cokali da kayan wasa, kada a shafa masa fentin da ba a san abin da ke cikinsa ba. Wasu fenti masu mai suna ɗauke da dalma, kuma ba mu manta da yadda gubar dalma daga haƙar zinariya ta hallaka yara fiye da 400 a maƙwabciyarmu Jihar Zamfara a shekarar 2010 ba. Kakin zuma ya wadatar ga irin waɗannan kaya. Baƙin man mota da wasu ke shafawa saboda gara shi ma yana da guba, bai dace da kayan cikin ɗaki ba.

Kiyaye lafiya da dukiya

Wurin aikin da ke cikin gida yana tare da iyali, saboda haka rigakafi ya fi magani. Tun shekarar 1995 cibiyar binciken cutar daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da ke haddasa cutar dajin hanci ga waɗanda suka daɗe suna shaƙarta. A sa takunkumin hanci da tabarau, a yi aiki inda iska ke shiga, a share garin katako kullum. A ajiye tina da banish nesa da murhu da hannun yara. Tsumman da aka jiƙa da man shafin katako yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa idan aka dunƙule shi. A baza shi a fili ya bushe, ko a tsoma shi a ruwa. Kada a kunna janareta a ɗaki ko zaure rufaffe, domin hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji warinsa ba. Gobarar da ta cinye wani babban ɓangare na Babbar Kasuwar Sakkwato a watan Janairun 2021 ta isa ta tuna mana irin asarar da wuta ke jawowa.

Sana'a ba tare da sare itace ba

Jiharmu tana cikin jihohi 11 na Arewa da ke fuskantar kwararowar hamada, waɗanda shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya shafa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Nijeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015. Manyan itatuwan ƙirya da maɗaci da marke da masassaƙanmu suka dogara da su suna ɗaukar shekaru masu yawa kafin su girma, kuma dattawa a ƙauyuka da dama shaida ne a kan yadda suka yi ƙaranci. Alfanun aikin zayyana shi ne, guntun da bai wuce tafin hannu biyu ba ya isa a yi abin sayarwa. Ragowar katakon kafintoci, tsofaffin akwatuna, da rassan dogonyaro da aka rage bisa ƙa'ida duk suna da amfani. Wanda kuma ke buƙatar sare itace, wajibi ne ya nemi izinin malaman daji na ƙaramar hukumarsa, ya kuma dasa wani a madadinsa.

Kira ga jama'a da shugabanni

Muna kira ga matasa masu sha'awa da su fara da zarton hannu, su kuma zauna gaban kafinta ko masassaƙi su koyi halin itace kafin su sayi inji. Masu neman takardar shaida suna iya tuntuɓar kwalejojin fasaha irin na Farfaru da Runjin Sambo da Binji, ko ofishin Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, NDE, domin jin abin da ake koyarwa. Wajen yanke farashi, a lissafa kuɗin katako da bakin zarto da samfefa da banish da kuma awannin da aka ɓata, kada a sayar da kaya a kan asara don neman suna.

Haka kuma muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da sakatarorin ilimi da uwayen ƙasa da hakimai da su duba yiwuwar ware ɗaki a cibiyoyin koyon sana'a domin wannan aiki, su haɗa masu koyo da ƙungiyoyin kafintoci domin samun ragowar katako, su kuma ba 'ya'yan yankinsu aikin yanka kayan koyarwa na makarantu. Duk jami'in da zai karɓi irin wannan aiki, ya tambayi tsawon lokacin da katakon ya yi yana bushewa, ya juya bayan kayan ya ga ko an shafe shi, ya kuma tambayi irin fentin da aka yi amfani da shi kafin ya sa hannu.

Allah Ya albarkaci sana'o'inmu, Ya kuma ba jiharmu da ƙasarmu zaman lafiya.