Rumbun Wasannin Kwamfuta a Cikin Gida

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar hatsi ta Dawanau, a Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa, ya san cewa girman sito daban, saurin fitar da kaya daga cikinsa daban. Sito na iya ɗaukar buhu dubu, amma idan ƙofarsa ƙarama ce, ɗan dako ɗaya ne zai riƙa fita a lokaci guda, mota kuwa ta wuni ba ta cika ba. Wannan misali shi ne mabuɗin fahimtar tambayar da matasa masu sha'awar wasan kwamfuta da masu gidajen gem kan yi: shin za a iya tara wasanni a wuri ɗaya, kowace na'ura a gidan ta riƙa ɗauka daga can?

Mene ne rumbun?

Turawa na kiran wannan na'ura NAS. Ƙaramin akwati ne mai ɗauke da faifan ajiya ɗaya ko fiye, wanda ake haɗa shi da sauran na'urorin gida ta waya. Ba ya bukatar intanet, saboda haka ba ya cin data. Tsohuwar kwamfuta ma na iya yin wannan aiki. Wayar da ake amfani da ita ita ce ta Ethernet, fasahar da Robert Metcalfe da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a kamfanin Xerox na Amurka a 1973. Faifai mai terabayit ɗaya yana ɗaukar abin da ya kai cikin faifan DVD ɗari biyu.

Faɗin ƙofa

Ana auna saurin waya da bit, girman wasa kuma da bayit, kuma bit takwas ne ke yin bayit ɗaya. Ke nan waya mai megabit 100 a sakan ba ta wuce megabayit 12.5 a sakan, mai gigabit ɗaya kuwa tana kai megabayit 125. Ɗalibi na iya gwada lissafin da kansa: kwafar wasa mai gigabayit 50 za ta ci fiye da awa ɗaya a waya ta farko, amma wajen minti bakwai a ta biyu.

Da tsohuwar zuma ake magani. Na'urar PlayStation 2, wadda kamfanin Sony ya fitar a shekarar 2000, ta fi kowace dacewa da rumbu. Kafar USB ɗinta tana ɗaukar megabit 12 kacal a sakan, shi ya sa hoto kan yi tsalle-tsalle idan an ɗora wasa daga filasha. Siririyarta da ta fito a 2004 tana da kafar Ethernet mai megabit 100, wadda ta fi faifan DVD na cikinta sauri. Da manhajar Open PS2 Loader, na'urori da dama na iya karanta wasa daga rumbu ɗaya, ba a kuma fargabar faifai ya karce.

Sababbin na'urori kuwa labarinsu daban. PlayStation 5, ta shekarar 2020, tana karanta gigabayit 5.5 a sakan daga ma'ajiyarta ta ciki, wato ninki 44 na saurin waya mai gigabit ɗaya. Don haka Sony ya yarda a adana wasanninta a faifan waje, amma sai an mayar da su ciki kafin a buga.

Yawan aike

Akwai matsala ta biyu, wato jinkiri. Uwargidan da ke aiken yaro rumbu ya ɗebo mata hatsi tafi ɗaya a kowace tafiya za ta makara da tuwo, ko da yaron mai gudu ne. Wasan kwamfuta ma yakan nemi dubban ƙananan bayanai, kamar hoton ciyawa, ƙarar ƙwallo da fuskar ɗan wasa. Faifai mai juyawa yana ɗaukar kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na sakan kafin allurarsa ta isa inda bayani yake, sannan waya ta ƙara nata. Idan aka haɗa da Wi-Fi, jinkirin na ƙaruwa, musamman idan akwai katanga mai kauri a tsakani.

Wuta, zafi da ƙura

Ɗaukewar wuta a daidai lokacin da faifai ke rubutu na iya lalata bayanai. Gidan da ke dogara da wutar KEDCO ko janareta yana bukatar batir mai riƙe wuta na ɗan lokaci, ko inbata ta sola. Zafin bazara na watan Afrilu yana rage wa faifai kwana, ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka. Ya kamata a ɗora akwatin a bisa, inda iska ke ratsawa. Faifai biyu masu kwafar juna suna tsare mutum idan ɗaya ya mutu, amma abin da aka goge bisa kuskure yana ɓacewa daga dukansu. Kwafi na dabam, a ajiye a wani ɗaki, shi ne rigakafi. Har ila yau, a tabbata wasannin an saye su ne ta halal, domin dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta shafi manhajar kwamfuta.

Kammalawa

Tsofaffi da ƙananan wasanni ana iya buga su kai tsaye daga rumbu. Manyan wasannin zamani kuwa a adana su can, a kwafo wanda ake so zuwa cikin na'ura, kamar yadda maigida ke fitar da damin da za a ci a mako. Ribar a nan ita ce kuɗin data, domin wasan da aka sauko da shi sau ɗaya ba sai an sake saukowa da shi ba. Kafin mutum ya kashe kuɗinsa, ya fara duba saurin kafar na'urarsa da na wayarsa, sannan ya tambayi girman faifai.