Abin da ya kamata ku sani: cajar da ke hana rediyo magana

Mai sauraron labaran safe ta gajeren zango a Gagarawa Tasha ya san wannan matsala: da an jona wata caja ko an kunna inbatar sola, sai rediyo ya ɗauki ƙugi, muryar mai labarai ta nutse. Laifin ba na tashar rediyon ba ne. A cikin caja da inbata da kwan fitilar LED akwai sassan da ke ɗauke wuta su mayar sau dubbai a daƙiƙa guda, kuma hakan yana haifar da igiyoyin lantarki masu bin waya da iska har su faɗa zangon rediyo.

Akwai iyakar da aka ɗora wa wannan hayaniya. Kwamitin duniya mai suna CISPR, wanda ya fara aiki a 1934, shi ke tsara ta. A nan gida, hukumar SON ce ke duba ingancin kayan da ake shigowa da su ta tsarin SONCAP, hukumar NCC kuma ke amincewa da kayan sadarwa kafin a sayar. A ɗakin gwaji ana auna abin da ke bin waya daga kilohaz 150 zuwa megahaz 30, inda gajeren zango yake. Abin da ke bin iska kuma, daga megahaz 30 zuwa 1,000, inda FM yake, eriya ce ke kama shi daga nisan mita 3 ko 10, ana juya kayan, ana ɗaga eriyar ana saukewa.

To, ga inda gizo ke saƙa. Awon nan ba ya taɓa cika daidai wa daida. Ka ba mutum biyu tiya ɗaya su auna gero a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, wani zai yi tozo, wani ya shafe, alhali ba wanda ya yi niyyar cuta. Haka ɗakin gwaji yake: eriya tana da ɗan kuskurenta, kebul yana shanye wani abu, na'urar karatu tana da nata, bangon ɗaki yana mayar da amo. Masana kan haɗa waɗannan duka su fitar da tazarar shakku, wato iyakar da suke da yaƙinin kusan kashi 95 cikin 100 cewa gaskiyar awon tana cikinta.

Tazarar ba ƙarama ba ce. Ƙa'idar CISPR 16-4-2 ta yarda da desibel 3.4 a awon waya, da desibel 6.3 a awon iska. Desibel 6 kuwa ninki biyu ne na ƙarfin igiyar. Idan shakkun wani ɗakin gwaji ya zarce wannan, sai a ɗora rarar a kan sakamakon kafin a ce kaya ya ci ko ya faɗi. Ban da haka, yadda aka shimfiɗa wayar kayan a kan tebur ma yana canza karatu.

Saboda haka ni ban ɗauki cajar da ta tsallake da desibel 1 kacal a matsayin abin dogaro ba. Wani ɗakin zai iya kayar da ita, ballantana guda ɗaya aka gwada cikin dubban da masana'anta ta buga.

Ɗan kasuwar da ke saro kaya daga Sin ko Dubai ya nemi cikakken rahoton gwaji, ba tambarin jikin kwali ba, ya duba tazarar da ke tsakanin sakamako da iyaka, ya kuma tabbatar ɗakin gwajin yana da shaidar ISO/IEC 17025. Kai kuma mai saye, tafi shago da ƙaramin rediyonka, kama tasha a gajeren zango, ka ce a jona cajar. In ƙugi ya taso ya rufe magana, ajiye ta ka nemi wata.