Babban Gida Ba Ya Ƙara Alawus a Kontagora

KONTAGORA — Ma'aikacin gwamnatin tarayya da iyali suka yi wa yawa, har ya nemi gidan haya mafi girma a Kontagora, kada ya sa ran ƙarin alawus. Tun daga 2003, lokacin da gwamnatin Obasanjo ta mayar da haƙƙoƙin ma'aikata zuwa tsabar kuɗi, alawus na gida matakin albashi yake bi, ba yawan ɗakuna ba.

Masu gidaje kuwa galibi kuɗin shekara suke karɓa dunƙule, ga kuma la'adar dillali. Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana karɓar kashi 2.5 cikin ɗari na albashi, amma rancen mallakar gida yake bayarwa. Saboda haka ƙarin hayar daga aljihun ma'aikacin zai fito.