Lamborghini: Yadda Injin Silinda 12 Ya Tsira a Zamanin Batir

Taraktar noma Ferruccio Lamborghini yake ƙerawa kafin ya kafa kamfanin motoci a garin Sant'Agata Bolognese na Italiya a 1963. Bayan shekara uku Miura ta fito da inji mai silinda 12 a bayan direba, kuma rugugin irin wannan inji ne ya yi wa kamfanin suna.

Yanzu dokokin rage hayaƙi a Turai sun matsa wa manyan injuna lamba. Maimakon ya jefar da gadonsa, a 2023 kamfanin ya fitar da Revuelto. Silinda 12 na nan daram, an ƙara injunan lantarki uku da batirin lithium, dangin na wayarka. Daga tsaye, cikin daƙiƙa 2.5 kacal take kai gudun kilomita 100 a awa.