Guguwar Teku Da Mutanen Bengal

A gabashin Indiya akwai wani babban lungu na teku wanda ake kira Tekun Bengal. Can ne kogin Ganjis da na Brahmaputra suke zuba. Ƙasar bakin gaɓar kuwa shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, ga tsibirai barjat, ga jama'a maƙil. A duniya duka babu inda guguwar teku ta hallaka mutane kamar nan.

Asalinta zafin ruwa ne. In rana ta gasa teku sai tururi ya yi ta tashi, iska ta riƙa kwararowa tana cike gurbinsa, har ta shiga juyawa da ƙarfi. Galibi takan taso a watan Afrilu da Mayu, ko kuwa Oktoba da Nuwamba. Amma fa a lura, ruwan da take turowa ya fi iskar kisa. Tekun ya tsuke ta arewa kamar mazurari, ba shi kuma da zurfi, saboda haka ruwan kan taru ya hau ƙasa, ya shanye ƙauyuka.

A 1876 ta faɗa wa lardin Bakarganj, mutum wajen 200,000 suka rasu, waɗansu a ruwa, waɗansu da yunwa da annobar da suka biyo baya. A daren 12 ga Nuwamba 1970 kuma ta sauka a tsibirin Bola da kewayensa, sa'an nan ƙasar tana Pakistan ta Gabas. Aƙalla mutum 300,000 suka salwanta. Jinkirin kai gudummawa ya ƙara wa talakawa fushi da Gwamnati, ba a daɗe ba ƙasar ta ɓalle a 1971, ta zama Bangladash.

To, daga nan aka ga rigakafi ya fi magani. A 1972 aka kafa shirin 'yan sa kai masu bin ƙauyuka da tuta da lasifika suna shelar gargaɗi. Aka kuma fara gina mafaka ta siminti a bisa ginshiƙai, da yawansu makarantu ne in babu haɗari. Amma a Afrilu 1991 mafakar ba ta wadata ba, waɗansu kuma ba su gaskata shelar ba, aka yi hasarar mutum wajen 138,000 a yankin Chittagong. Sai aka ƙara himma. Da guguwar Sidr ta zo a 2007, Gwamnati ta ƙidaya mamata kimanin 3,400. A 2020 kuwa, kafin Amphan ta iso, an kwashe mutum fiye da miliyan 2, waɗanda suka rasu a ƙasar ba su kai 30 ba.

Guguwa dai ba ta daina zuwa ba, ba kuwa mai iya tare ta. Abin da ya rage hasara shi ne labari ya isa ƙauye da wuri, mutane su yarda da mai kawo shi, su kuma san inda za su dosa.